Idan An Cuce Ka

Ya kai ɗan'uwana da ka shigo hanyar Yesu Kristi kwanan nan, da kai kuma da kake tsaye a bakin ƙofa kana bincike tukuna, ga wata magana wadda ba ta da daɗin ji, amma gara a faɗa maka ita tun kafin ka yi nisa. Cikin dukan abin da Ubangijinmu ya umurci masu binsa, babu wanda ya fi wannan nauyi, cewa idan an cuce ka ka gafarta, kada ka rama. Barin giya da wuya yake ga wanda ya saba da ita, barin tsafi kuma abin tsoro ne ga wanda ya tashi a cikinsa. Duk da haka akwai mutane da yawa da suka bar waɗannan cikin wata guda, ga su nan kuwa shekara goma da baftisma, har yau ba su gaisa da ɗan ubansu ba sabili da iyakar gona.

Ba ƙaramar cuta nake nufi ba, irin ta wanda ya taka maka ƙafa a kasuwa. Na san abin da ke samun waɗansunku. Wani, ranar da aka ji ya zama mai bi, aka fitar da tabarmarsa waje, aka hana shi sa hannu cikin akushin gidan ubansa. Wani iyayen matarsa suka zo suka ɗauke ta tare da 'ya'ya. Wani aka raba gado yana zaune, aka tsallake shi kamar ba a haife shi ba. Wani ya yi noma tun shuka har dawa ta sunkuyar da kai, dare ɗaya shanu suka cinye. Akwai kuma waɗanda abin da aka yi musu ya kai ga jini. Ga irin waɗannan ne maganar gafara take zama kamar an ɗora wa mai miki kaya a bisa mikin.

Bari mu fara ba zuciya hakkinta. Sa'ad da aka zalunce ka, zuciyarka ta tafasa ta ce wannan abu bai kamata ba, gaskiya ta faɗa. Allah kansa yana ƙin zalunci, annabawa kuwa ba su yi shiru ba a kan masu danne gwauruwa da maraya. Mutumin da za a yanka ɗan'uwansa a gabansa ya ji kamar ba a yi kome ba, wannan ba mai tsarki ba ne, mataccen zuciya ne. Muradin nan da ke cikinka na a daidaita ma'auni, daga wurin Allah yake. Abin tambaya kaɗai shi ne, a hannun wa ma'aunin za ya zauna?

Gama wanda aka cuta, shi ne mafi munin alƙali cikin maganar kansa. Mudu biyu gare shi, babba da ƙarami; da babban yake auna abin da aka yi masa, da ƙaramin yake auna abin da ya yi. Hausawa da kansu sun shaida wannan da suka ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Mukan faɗi karin maganan nan da fahariya, amma duba abin da ke cikinsa: an yarda ke nan mai ramuwa ba ya tsayawa daidai inda aka tsaya masa, sai ya ƙara. Wanda aka ƙara wa kuwa yanzu shi ne wanda aka cuta, shi ma yana da nasa mudu biyu. Tun cikin Littafin Farawa, sura 4, an ba mu labarin Lamek, jikan jikokin Kayinu, wanda ya kashe mutum domin an yi masa rauni kaɗai, ya kira matansa biyu yana yi musu kirari cewa shi za a rama masa har sau 77. Shari'ar Musa da ta ce a biya ido da ido, haƙori da haƙori, mutane da yawa suna ɗaukarta izinin ramuwa ce. Ba haka ba ne. Linzami ce aka sa wa irin zuciyar Lamek, aka danka ta a hannun alƙalai, domin kada a fille kai saboda haƙori guda.

Wata rana Bitrus ya zo wurin Yesu da tambaya, sau nawa za a gafarta wa ɗan'uwa mai maimaita laifi. Shi da kansa ya kawo bakwai, yana tsammani ya yi kyauta mai yawa. Ubangiji ya ninka masa bakwai ɗin nan sau 70. Masu sanin Helenanci sun lura cewa lissafin da Matta ya rubuta a nan, cikin sura 18, kalmominsa ɗaya ne da na kirarin Lamek cikin tsohuwar fassarar Helenanci ta Littafin Farawa. Wato inda ɗan Adam ya kai da ramuwa, nan Yesu ya ce a kai da gafara. Kada fa wani ya samo igiya ya riƙa ƙulli har ya cika 490. Mai ƙirga gafararsa, jira yake yi ta ƙare.

Nan take Ubangiji ya ba su misali, ina so kuwa mu daɗe a kansa kaɗan, gama yawancin masu jinsa ba su san girman kuɗin da aka ambata ba. Wani sarki ya zauna lissafi da barorinsa, aka kawo masa ɗaya wanda yake binsa talanti 10,000. A zamanin nan dinari guda shi ne ladan ma'aikacin gona na yini ɗaya, talanti guda kuwa wajen dinari 6,000 ne. In ka lissafa, bashin nan ya kai dinari 60,000,000. Ɗan ƙodago da ke aiki kowace rana, ba hutu ba ciwo, ba ya cin ko ƙwayar hatsi daga ladansa, sai ya yi fiye da shekara 160,000 kafin ya biya. Baran ya faɗi ƙasa yana roƙo a yi masa jinkiri, wai za ya biya duka. Abin dariya ne, da ba abin tausayi ba. Sarki ya ji tausayinsa, ya ba shi abin da bai ma roƙa ba, ya yafe bashin ɗungum. Fitarsa ke da wuya sai ya gamu da abokin aikinsa wanda yake bi dinari 100, wato ladan wata uku da 'yan kwanaki. Ya shaƙe shi a wuya, ya ƙi jin roƙon da shi kansa ya gama yi yanzun nan, ya sa aka kulle shi. Da labari ya kai kunnen sarki, sai ya kira shi ya mayar masa da bashinsa a ka.

Ka lura, Ubangiji bai ce dinari 100 ba kome ba ne. Ladan wata uku kuɗi ne ga talaka, wanda ya yi asararsa za ya ji a jikinsa. Cutar da aka yi maka cuta ce ta gaske, ba kuwa wanda ya ce ka kira ta da wani suna. Abin da misalin ya yi shi ne ya ajiye ta kusa da ɗayan bashin, wanda kai ne ake bi. In kana ganin laifinka a gaban Allah ɗan kaɗan ne, wannan magana ba za ta shige ka ba, kuma ba ka gane tukuna dalilin da ya sa Kristi ya mutu ba. Amma in ka taɓa durƙusawa da dare ka ga zuciyarka yadda take, da ƙaryarta, da ƙyashinta, da shekarun da ka yi kana cin abincin Allah kana shan ruwansa ba godiya, to, ka san ko wane bara ne kai cikin biyun nan. Addu'ar da Ubangiji ya koya mana, wadda kuke haddacewa a ajin baftisma, ta ɗaure gafarar da muke roƙo da gafarar da muke bayarwa da igiya ɗaya. Duk mai riƙo da ya buɗe baki ya yi wannan addu'a, roƙon Allah yake yi a yi masa yadda yake yi wa maƙwabcinsa. Ni kam ina jin tsoron wannan.

Akwai wani abu cikin harshenmu da ya isa a tsaya a duba. Kalma ɗaya muke da ita, fansa, ga abu biyu. Mukan ce wane ya ɗauki fansa, wato ya sa wanda ya cuce shi ya biya. Mukan ce kuma an fanshi wane, kamar yadda a zamanin bauta dangi sukan tara dukiya su kai wa ubangijin bawa domin a sake shi. Ko ta wace hanya biya ake yi, bambancin kaɗai shi ne daga hannun wa. Sarkin nan da ya yafe talanti 10,000, kuɗin ba su dawo cikin baitulmalinsa ba, shi ya ɗauki asarar. Haka gafara take kullum, tana da tsada, mai yafewa ne kuwa yake biya. Sa'ad da muka ce Yesu Kristi Mai Fansa ne, abin da muke nufi ke nan: yana da iko ya ɗauki fansa a kanmu, sai ya zama fansarmu. Yana bisa gicciye, ƙusoshi na cikin hannuwansa, ya roƙa wa masu kashe shi gafara, alhali ba ko ɗaya cikinsu da ya ce ya tuba. Istifanus, na fari da aka kashe domin sunan Yesu, ya yi irin wannan roƙo ana cikin jifansa da duwatsu. Saurayin da ke tsaron rigunan masu jifa a ranar nan kuwa, shi ne ya zama Manzo Bulus.

Yanzu sai in gargaɗe ku a kan jabun gafara, gama tana da yawa a cikinmu, har cikin ikilisiya. Mu mutane ne masu yabon haƙuri, mukan ce shi ne maganin zaman duniya, abu mai kyau ne kuwa. Amma akwai haƙurin da ba kome ba ne sai ramuwa mai jiran rana. Mutum ya haɗiye magana, ya yi murmushi, ya amsa gaisuwa, ya kai abin can ƙasan zuciya ya binne kamar garwashi cikin toka. Bayan shekara bakwai ɗan wancan ya zo neman aure a gidansa, sai toka ta buɗe. Ɗaya jabun kuma, wanda ya fi wannan wayo, shi ne faɗin "Allah ya isa", ko "na bar shi da Allah". Maganar kanta ba laifi. Bulus ya rubuta wa Romawa, sura 12, cewa ramako na Allah ne, mu bar masa. Amma sau da yawa mai faɗin Allah ya isa bai saki wuƙar ba, miƙa ta ya yi ga wanda ya fi shi ƙarfin sara, sa'an nan ya zauna yana sauraron ranar da za a ce rumbun wane ya ƙone. Tsakaninsa da mai zuwa wurin boka a yi wa abokin gaba sammu, tazarar ba ta da yawa. Annabi Yunana ya yi haka: ya fita bayan birnin Nineba ya kafa 'yar bukka ya zauna ya ga wuta ta sauko, da Allah ya ji tausayin birnin sai ya yi fushi har ya roƙi mutuwa. Ga yadda za ka gwada kanka. Da za a zo a ce maka wanda ya cuce ka ya tuba, Allah ya karɓe shi, ba kuwa wata masifa da za ta same shi, murna za ka yi ko baƙin ciki? Bulus bai tsaya a kan barin ramako ga Allah ba, ya ci gaba nan take ya ce a ciyar da maƙiyi in yana jin yunwa, a shayar da shi in yana jin ƙishi.

Watakila wani ya ce, "Malam, waɗannan duka mutanen Littafi ne, annabawa da manzanni; mu 'yan Adam ne." To, ga labarin mutanen ƙasarmu. A shekara ta 1992 rikici ya tashi a Zangon Kataf a kan maganar mayar da kasuwa wani wuri, ya bazu har cikin birnin Kaduna, aka kashe mutane da yawa, Kirista da Musulmi. Cikin shugabannin samarin Kirista masu faɗa akwai James Wuye, wanda aka sare wa hannun dama. Cikin na Musulmi akwai Muhammad Ashafa, wanda aka kashe masa malaminsa tsoho da 'yan'uwansa biyu. Kowannensu yana da dalilin ramuwa wanda duk unguwarsu za ta ce daidai ne. A 1995 wani ɗan jarida da ya san su duka biyu ya haɗa hannuwansu a wurin wani taro, ya ce su yi magana. Suka fara, kowa yana zargin ɗan'uwansa da leƙen asiri. Da mahaifiyar Wuye ta kwanta ciwo a asibiti, Ashafa ya je gaishe ta. Ka ga, ba mu kaɗai muka san alheri ba, wani lokaci kuwa maƙwabcinmu Musulmi yakan riga mu, abin ya zama mana abin kunya mai amfani.

Abin da ya sa na kawo labarin shi ne abin da Fasto Wuye da bakinsa ya sha faɗa a gaban jama'a. Wajen shekara uku suna tafiya tare suna wa'azin sulhu, wani lokaci ɗaki ɗaya suke kwana, amma in ya dubi dungun hannunsa ya dubi Ashafa yana barci, sai zuciyarsa ta raya masa ya danne shi da matashin kai. Baki ya yafe, ƙafa tana tafiya, zuciya kuwa ba ta iso ba tukuna. Sai da wani fasto ya faɗa masa a fili cewa ba shi yiwuwa ya yi wa'azin Kristi da ƙiyayya a cikinsa, sa'an nan abin ya karye. Cibiyar sulhu da suka kafa a Kaduna ta yi aiki har shugabannin addini 22 suka sa hannu a takardar alkawarin zaman lafiya a watan Agusta na 2002. Ba zan ɓoye muku ba, a watan Nuwamba na shekaran nan aka sāke zub da jini a Kaduna. Gafarar mutum biyu ba ta mai da gari Aljanna ba. Duk da haka, bayan kashe-kashen Yelwa da ke ƙasar Shendam a 2004, su biyun nan ne aka kira suka zauna da mutanen garin har aka ƙulla sulhu a 2005. Hannun bai tsiro ba. Da hannun roba ya riƙa zuwa wuraren nan, mutanen da suka binne 'ya'yansu kuwa suka saurare shi, gama sun ga ba daga cikin littafi kaɗai yake magana ba.

Saura tambaya guda da ake yi mini kusan kowane aji: ashe, sai a bar ɓarawo da mai kisankai su yi ta yawo ke nan? A'a. Sura 13 ta Romawa tana biye da ta 12, a cikinta kuwa an ce mai mulki bawan Allah ne domin hukunta mai mugunta. Abin da aka karɓe daga hannunka an sa shi a hannun alƙali. Kana iya kai ƙarar wanda shanunsa suka cinye gonarka wurin mai gari ko kotu, ka karɓi diyyar da aka yanka, ba ka yi zunubi ba. Amma ka kwana kana wasa adda domin ka sassare shanun da dare, wannan ramuwa ce. Bulus kansa, da aka yi masa bulala a Filibi ba bisa shari'a ba, ya ƙi fita kurkuku a ɓoye sai da mahukunta suka zo da kansu, daga baya kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Gafara kuma ba ta tilasta ka mayar da amana nan da nan. Dauda ya sami Saul a hannunsa sau biyu, a kogo da kuma cikin sansani yana barci, ya ƙi taɓa shi. Amma bai koma fada ya zauna inda mashin Saul za ya same shi ba. 'Yar'uwata da ake duka a gida har ana jin tsoron ranki, ba a ce ki zauna a kashe ki domin ki nuna kin yafe ba. Ki fita, ki sanar da dattawan ikilisiya da hukuma. Yusufu ma, da 'yan'uwansa da suka sayar da shi suka zo Masar sayen hatsi bayan shekara fiye da 20, sai da ya gwada su ya ga ko za su yashe da Biliyaminu yadda suka yashe shi, kafin ya bayyana kansa. Amma ka lura, tun zuwansu na fari ya cika musu buhunansu, ya mayar musu da kuɗinsu a ciki, ya juya baya ya yi kuka inda ba su gani ba.

In wanda ya cuce ka ɗan'uwa ne cikin ikilisiya, Ubangiji ya shimfiɗa hanya cikin surar nan ta 18: ka tafi wurinsa kai kaɗai tukuna, in ya ƙi ji ka koma da mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai gaban jama'a. Mu kuwa mukan juya ta, mu fara da gaya wa gari duka, shi mai laifin ya zama na ƙarshen ji. In kuwa ba mai bi ba ne, ko ya ƙi tuba, ko ma ya riga ya mutu, sulhu ba ya hannunka, gama sulhu sai da mutum biyu. Sakin bashin ne ke hannunka. Ka fara da ambaton sunansa cikin addu'a kowace safiya, kana roƙa masa irin abin da kake roƙa wa 'ya'yanka. Da fari sunan za ya maƙale maka a maƙogwaro. Ka faɗe shi haka nan, gobe kuma ka sāke, kada ka jira sai zuciya ta yi sanyi.

Kai kuma da aka kora daga gida saboda Kristi, maganarka ta fi ta kowa laushi, gama waɗanda suka cuce ka su ne suka haife ka. Ka tuna yawancinsu ba mugunta ta sa su ba. A ganinsu ka ɓata, kunya da tsoro ne suka rufe su. Kada ka zage su a gaban masu bi domin a ji tausayinka. Ranar da aka fita noman gonar mahaifinka, ka ɗauki fartanyarka ka je ka kama kunya daga gefe, ko ba wanda ya ce maka sannu. In kaka ta yi, ka aika wa mahaifiyarka da damin gero ta hannun wanda ba za a kora ba. In an dawo da shi, baɗi ka sāke aikawa. In an yi rasuwa ka je gaisuwa, ka zauna inda aka nuna maka, ko da a bakin zaure ne. In abin ya yi maka nauyi, ka zo wurin mai koyarwa ko wani dattijo kafin ranar Jibin Ubangiji, a sami wanda za ya raka ka.